Lemun Nunan Fari a Siton Mama Serah

"A'a, a'a, ba a falona ba. Faustina, karɓi abin nan ki kai mata sito."

"Mama, ba ya cizo fa."

"Ko yana cizo ko ba ya yi. Falona na baƙi ne, ba shagon mai gyaran rediyo ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, akwatin rungume a ƙirjina. Na yi irin murmushin nan da mace kan yi idan ta rasa inda za ta ajiye fuskarta.

"Mama, caji kawai zan sa masa. Batirin ya mutu a hanya."

"Akwai soket a sito. Ke ki shigo, shi ya tafi can."

Faustina ta karɓe shi tana dariya. "Kawo, matarmu. Kai, da nauyi! Ko janareta kika kawo mana tsaraba?"

Bari in tsaya in gaisa da ku da yau ne kuka fara leƙo shafin nan, kar in bar ku a ƙofa kamar yadda aka bar ni. Sunana Bernice, 'yar Zonkwa. Ina koyar da aikin gona a wata sakandare a Kafanchan, ina kuma fama da karatun digiri na biyu. Ɗaki ɗaya nake haya, ni kaɗai, daga ni sai katifa da littattafai da wata fanka mai kukan tsohuwa. Mai maganar falo ita ce Mama Serah, mahaifiyar Christopher, saurayin da zuciyata ta nace wa. Faustina ƙanwarsa ce. Gidansu yana Kagoro, a gindin dutse, inda sanyi ke saukowa tun kafin rana ta faɗi.

Akwatin kuwa shi ne aikin karatuna. Bai fi kulan abinci girma ba. A cikinsa akwai ɗan famfo mai zuƙo iska ta wani siririn bututun roba, ya bi da ita ta kan wasu 'yan na'urori masu jin wari. Idan funfuna ta kama lemu, tun kafin ido ya ga fari ko kore a bayansa, tun kafin hancin mutum ya ji komai, lemun yakan fara fitar da wata iska daban da ta lafiyayye. Wannan iskar akwatina ke kamawa, ya turo mini a waya, layi ya fito a allo. In layin ya kwanta a kore, lafiya. In ya fara hawa ja, akwai mai ruɓewa a cikin tulin, kuma zai shafa wa sauran. 'Yan ajina sun sa masa suna Hanci. Ranar Jumma'ar nan daga siton wasu manoman lemu na taho, inda nake gwada shi, shi ya sa na iso gidan surukai da shi a hannu maimakon burodi.

Abin da ya kawo ni kuwa, Lahadin godiyar kaka ce a cocinsu. A bayan gidan akwai bishiyoyin lemu da marigayi baban Christopher ya dasa. Duk shekara Mama Serah takan ware waɗanda suka fara nuna, nunan fari, ta yi addu'a a kansu, ta ɗaure. Ba mai sake taɓawa sai a gaban bagadi, fasto ya kwance da hannunsa, a raba wa gwauraye da marasa lafiya. A gidan nan kuma akwai al'ada: macen da za ta shigo gidan ita ke ɗaukar kwandon farko a ka, ta shiga da shi tana rawa, matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, na buga tulu a bayanta. Ba a yin wata sanarwa. Duk wanda ya gan ki da kwandon Mama Serah a ka ya san an karɓe ki. Bana ni aka ce in ɗauka.

Ku fahimce ni, 'yan'uwa. Na daɗe ina jiran wannan kwandon.

Tun ina kan mashin saƙonnin yayata Doreen ke shigowa. Tun da mamarmu ta rasu ita ce uwa, kuma ta riƙe muƙamin da hannu biyu.

"Kin isa? Ki durƙusa sosai in za ki gaishe ta."

"Ki tashi shara kafin kowa."

"Kar ki kawo musu maganar makaranta. Ba lacca aka kira ki ba."

"Baba ya sake tambayata yaushe mutanen Kagoro za su zo. Na ce bayan Lahadi. Kar ki ba ni kunya, Bernice."

Christopher kuwa, wanda ya yi alkawarin zai baro Abuja ya tarye ni a ƙofar gidansu, nasa saƙon guda ne: "Bebi, oga ya riƙe ni. Sai Lahadi da sassafe. Ki saki jikinki, gidanki ne." Na mayar masa da dogon saƙo, har da hoton dutsen da na ɗauka a hanya. Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta fito ba.

Da yamma muka ci faten acca a tsakar gida. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, ga yakuwa ga gyaɗa. Maƙwabta mata suka shigo ganin baƙuwa. Suka gaishe ni da Hausa, suka yaba hasken fatata da Hausa, sannan suka juya yaren Kagoro suka ci gaba da hirarsu. Ni Bajju ce, ina tsintar kalma nan da can, amma ba ta isa in san abin da ake wa dariya ba. In sun kwashe da dariya sai in yi murmushi a makare. Ba da mugunta suke yi ba, na sani. Amma akwai wani irin kaɗaici da ba ya samun mutum sai a tsakiyar jama'a. Na fi jin sauƙin ɗakina na Kafanchan, can aƙalla fanka da ni take magana.

Aka ba ni tsohon ɗakin Christopher. Hotonsa na sakandare a bango, kunnuwa manya, wuya kamar zare. Na ce da hoton, "Kai ma ka yi shiru ko?"

Asabar na riga kowa tashi kamar yadda Doreen ta umarta. Na share tsakar gida, na share har inda ba datti. Ina cikin kwashe shara wayata ta yi ƙara a aljihun zanena. Na ce Christopher ne. Na yar da tsintsiya.

Ba shi ba ne. Hanci ne.

An kawo wuta, ya yi caji, ya tashi da kansa kamar yadda na tsara shi, ya kama zuƙar iskar sito. Layin ba a kore yake ba. Ya hau, ya hau, ya zauna a ja.

Farko dariya na yi. Akwatin nan ba annabi ba ne. Kananzir na ruɗa shi, fenti na ruɗa shi, har turaren jikina ya taɓa sa shi ihu a gaban malamina. Na ce bari in je in kashe shi kafin ya tona mini asiri.

Siton ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya a rufe. Buhunan citta a gefe, jarkar kananzir a bayan ƙofa, tsohon keken ɗinki. A tsakiya, a kan benci, kwanduna uku a jere, an lulluɓe kowanne da farin leshi mai tsabta kamar na teburin jibin Ubangiji. Faustina ta ajiye akwatina daf da su, don a nan soket yake.

Na fitar da jarkar waje. Na ɗauki akwatin na kai shi ƙarƙashin bishiya ya sha iska mai kyau har layin ya sauko ya kwanta. Na shiga kicin na samu lemu a faranti, irin wanda muka sha jiya, daga bishiyoyin nan dai, na kifa roba a kansu na zura bututun. Kore. Na koma sito, na gwada kusa da citta. Ya ɗan motsa, ya koma. Sannan na durƙusa gaban kwandon farko, na ɗaga gefen leshin da yatsa biyu.

Leda ce babba a ciki, fara, an ɗaure bakinta tam da jan kirtani. Lemun na sheƙi ta cikinta kamar an shafa musu mai. Amma jikin ledar duk ya yi gumi daga ciki, ɗigo-ɗigo, har ruwa ya ɗan taru a ƙasa. Ban kwance ba. Allah ya sani ban taɓa ƙullin ba. Bututun kawai na kai bakin inda ledar ta tattare, na jira.

Layin ya miƙe kamar an kira shi.

Kwando na biyu, haka. Na uku ya fi su.

Na kai hancina na shaƙa. Ƙamshin lemu, mai daɗi, ba abin da za ka ce. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Duk gidan nan, duk garin nan, ba mai jin abin da ke faruwa a cikin ledar nan sai ni da akwatin da aka kora daga falo.

"Matarmu! Sata kike yi da sassafe?"

Na zabura. Faustina ce, buroshi a baki, hular barci a ka.

"Faustina, yaushe aka ɗaure lemun nan?"

"Tun farkon sati. Ni na kakkaɓo su da gora, har kafaɗata ta yi tsami."

"Da gora? Suna faɗowa ƙasa?"

"To da ina za su faɗo, sama?"

"Kuma an wanke su?"

"Wanki kai! Da sabulu, da soso. Mama da kanta. Bara wata mata a Zumunta ta ce lemun Mama kamar a bakin titi aka tsinto su, duk ƙura. Mama ba ta ci abinci ba ranar. Bana ta ce sai sun yi ƙyalli har fasto ya ga fuskarsa a ciki. Tana gama wankewa ta zuba a leda ta ɗaure, kar ƙura ta sake samunsu."

"Da ruwansu?"

"Da ruwansu mana. Me ya faru? Kin yi wani iri."

Na nuna mata wayar. Na yi mata bayani a hankali: lemun da ya bugu ya samu rauni, ta raunin funfuna ke shiga, danshi da rufi kuma su take so. Na saman na iya zama lafiya. Na ƙasa ne ban sani ba. Zuwa gobe da rana, in fasto ya kwance ya zura hannu, yana iya fito da lemu mai laushi da farin gashi, ko kore shar.

Faustina ta cire buroshin. Dariyar ta bar fuskarta.

"To a buɗe mana," na ce. "A tsince masu laushi, a shanya sauran a inuwa, a ƙaro sabbi daga bishiya, a mayar a kwando ba leda. Aikin rabin yini ne."

"Ke, Bernice." Karo na farko da ta kira sunana ke nan. "Ba ki san labarin ba ne. Shekarar da Broda Christopher ya yi hatsari, yana kwance ba ya magana, Mama ta yi wa Allah alkawari. Ta ce in ya tashi, nunan farin gidan nan nasa ne, kuma daga ranar da ta ɗaure ba hannun da zai sake shiga ciki sai a bagadi. Ya tashi. Tun daga nan ko kaza ba ta shiga siton nan a satin godiya. Ni ba ruwana. Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Ta fita. Na zauna a kan buhun citta.

Ku da kuke karantawa, ku gaya mini. In na yi shiru, gobe ni zan shiga da kwandon nan a kaina. In aka buɗe aka ga ruɓa, na san matanmu, a Zonkwa ma haka muke. Ba wanda zai ce leda ce. Za a ce shekara da shekaru lemun Mama Serah lafiya, sai da wannan yarinyar ta ɗauka. Za a ce a duba ƙafarta, ko farar ƙafa ce mai kawo tsiya. Ita kuma Mama, matar da ta ƙi cin abinci saboda an ce lemunta da ƙura, yaya za ta yi in baikon da ta kai wa Allah ya fito da kore a gaban dukan ikilisiya? In kuma na yi magana, na zama 'yar boko mara kunya da ta zo gidan mutane kwana ɗaya ta ce rabon Allah ya ruɓe.

Kuma akwatina na iya yin kuskure. Wannan ma na sani. Ban gama aikin ba tukuna, malamina kullum cewa yake a ƙara gwaji. Amma gumin ledar nan ba akwati ne ya nuna mini shi ba, idona ne.

Na rubuta wa Christopher. Na tura masa hoton layin, na bayyana komai. Wannan karon amsa ta zo da sauri, har na ji haushin saurin.

"Abeg Bernice kar ki fara."

"Ban fara komai ba. Ka kira ta kai, za ta ji maganarka."

"Lemu ne fa kawai."

"In lemu ne kawai me zai hana a buɗe?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa. Ina kallon ɗigon nan uku suna rawa.

"Ki ɗauka ki kai. In an ga wani abu ba ke kika ɗaure ba. Wannan satin kawai nake roƙonki. Kin san yadda na sha wahala kafin ta yarda."

Ban san ya sha wahala ba. Bai taɓa gaya mini ba. Na karanta saƙon nan har sai da haruffan suka narke.

Na kira Doreen. Tana kasuwa, hayaniya a bayanta.

"Yesu! Bernice, kina da hankali kuwa? Wa ya aike ki sito?"

"Sista, ba ni na je nema ba, shi ya..."

"Shi wa? Akwati? Akwatin ne zai aure ki? Ki ji ni da kyau. Shekara talatin na leƙo ki ta taga. Ƙannenmu na coci duk sun yi aure suna goyo. Ki rufe bakinki, ki ɗauki kwando, ki yi rawa. Lemu ya ruɓe, ya daɗe bai ruɓe ba. Ba naki ba ne."

"In aka ce ƙafata ce fa?"

"Sai mu yi addu'a. Ki bar ni in sayi tumatir."

Ta kashe.

Na yi shawara zan yi shiru. Gaskiya nake gaya muku. Na kashe Hanci, na nannaɗe bututunsa, na mayar da jarkar kananzir inda take. Na wanke kwanuka, na tsince shinkafar gobe, na yanka albasa har na samu dalilin hawaye. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, amarya." Ni kuwa sito na bayana kamar mutum yana kallona.

Bayan azahar Mama ta kira ni ɗakinta. Ban taɓa shiga ba. Gado mai rumfa, Littafi Mai Tsarki a kan matashi, ƙamshin man zafi da sabulun wanka. A kan gadon ga anko a shimfiɗe: atamfa ruwan ganye mai zanen zangarniyar dawa, farar rigar leshi mai hannu bulbul, da ɗankwali mai tauri ruwan zinariya.

"Sa mu gani. Da ido na auna ki ranar da kika fara zuwa. In tela ya ɓata, yau zai ji ni."

Rigar ta zauna kamar a jikina aka ɗinka. Ta ɗaura mini zanen da kanta, ta ja, ta soke. Ta zaunar da ni a bakin gado ta tsaya a kaina tana naɗa ɗankwalin, tana gunaguni da fil a baki. Hannunta na da kaushi, da ɗumi. Ta gyara mini gashin ƙeya da yatsa, a hankali, yadda ba wanda ya yi mini tun ina 'yar sakandare.

"Wuyanki dogo ne, kwando zai zauna. Kar ki yi sauri gobe. Taki biyu gaba, ki ɗan juya, ki bar mata su gan ki. Tashi in nuna miki."

Ta ɗora matashi a kanta, tsohuwar nan, ta fara takawa a tsakar ɗaki tana rera waƙar godiya ƙasa-ƙasa, kafaɗunta na motsi. Faustina ta leƙo tana tafi. Na yi dariya, dariyar gaske, ta farko tun zuwana.

Sai ta tsaya, ta dube ni ta madubi.

"Christopher ya ce mamarki ta rasu da daɗewa."

"E, Mama."

"To. Gobe in kin shiga, ki duba bayanki. Ina nan."

'Yan'uwa, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da ta ci gaba da zama matar da ta kori akwatina, da na ɗauki kwandon na kai, abin da zai faru ya faru. Amma matar da ta ce mini "ina nan", yaya zan taka a gabanta ina rawa, ina sane da abin da nake kai ta ta tarar?

Na zame daga gadon na durƙusa, da ankon da komai.

"Mama, ina da magana. Ki yi mini haƙuri kafin in faɗa."

Faustina ta daina tafi. "Matarmu, zo ki taya ni duba wake a wuta."

"Bar ta," in ji Mama. "Faɗi."

Na faɗa. Ban rage komai ba: soket, layi, gumin leda, gora, sabulu. Na rantse ban taɓa ƙullin ba. Na ce wankin da ta yi don girmama Allah ta yi, kowa ya sani, ruwan ne kawai bai bushe ba. Na miƙa mata wayar da hoton layin.

Ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan zanen ne ya ce abin da na ba Ubangiji ya ruɓe?"

"Bai ce duka ba, Mama. Ya ce akwai masu ciwo a ciki."

"Kin gani da idonki?"

"A'a."

"Kin ji wari?"

"A'a, Mama."

"Ni na shiga da safe na yi addu'a. Ƙamshi na ji. Tun ba a haife ki ba nake tsinkar lemun nan." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na fi samun inda zan tsaya. "Kin san a kan me na ɗaure ledar nan?"

"Faustina ta gaya mini."

Ta juya ta kalli Faustina. Faustina ta kalli silin.

"Kin sani, kuma kina so in sa hannu in kwance. In wani abu ya sami ɗana a hanyar Abuja gobe, akwatinki ne zai tashe shi?"

A littattafan da na karanta ba inda aka koya mini abin da ake gaya wa uwa mai tsoro.

Ta ɗauki ƙaramar wayarta ta danna, ta sa a sifika ta ajiye a kan gado. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ni da nake kwana jiran amsa.

"Mamana!"

"Christopher, yarinyarka ta ce in buɗe nunan fari."

Na ji ƙarar talabijin a bayansa, ana ƙwallo. Ashe oga ya sake shi.

Ban nemi ya ce ina da gaskiya ba. Ko cewa ya yi, Mama, Bernice ba ta ƙarya, ki saurare ta, ya ishe ni.

Sai ya yi dariya. 'Yar dariyar nan tasa da na fi so a duniya.

"Haba Mama, ki rabu da ita. Karatu ne ya yi mata yawa. Abin wasanta ne, ko turare ya ji sai ya yi ihu. Bernice, kina ji na? Ba Mama haƙuri mana, a wuce wurin."

Maganar turaren ni na ba shi labari, wata rana muna zaune a bakin ruwa, ina ba shi dariya da kunyar da na sha. Yau ya ɗauko ta ya miƙa wa mamarsa.

Daga can cikin gari ana jiyo matan Zumunta suna gwajin waƙar gobe, tulu na amsawa, dum, dum. Na ga kaina a madubi, durƙushe, ɗankwalin zinariya a kaina, kyakkyawa kamar amaryar wani.

Mama ta sauke ajiyar zuciya. Ta yi magana a hankali, har da ɗan tausayi.

"Kin ji mijinki. Tashi, kar ki ɓata zanen. Yarinta ce, na yafe. Abu ɗaya zan tambaye ki, ki amsa a gaban Faustina da shi, maganar ta mutu a ɗakin nan. Gobe za ki ɗauki kwandon yadda yake?"

Wayata ta yi ƙara a kan gado. Doreen: "Yaya? Kin kama bakinki dai ko?"

"Bebi, ce e mana," in ji sifika.

Na tashi tsaye. Na sa hannu na zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, na warware ɗankwalin, na ninke shi yadda na same shi, na ajiye kusa da hannunta.

"Mama, ina son kwandon nan fiye da yadda kike zato. In kin yarda a kira fasto yau ya zo ya kwance da hannunsa a nan gida, ni zan zauna in tsince, in shanya, in hau bishiya in ƙaro, gobe in ɗauka in yi miki rawar da ba a taɓa yi a cocin nan ba. Amma a ɗaure yadda yake, ba zan kai wa marasa lafiya ba, ba kuma zan kai ki ki ji kunya ina murmushi ba. Christopher, kai ma ka ji da kunnenka, kar a ba ka labari. In ba a buɗe ba, gobe Faustina ta ɗauka. Ni zan zo coci da kayana na gida, in zauna a bencin baya."